Jirgin kwal a layin zamani: me ya sa Birtaniya ta ƙi rabuwa da tsofaffin kawunan jiragenta?

Ƙasar da ta kashe tasharta ta ƙarshe mai samar da lantarki da kwal a watan Satumban 2024, me jirgin kwal yake yi a kan layin dogonta? Tambayar ta sake tasowa a Satumban 2025, lokacin da Birtaniya ta yi bikin cika shekara 200 da buɗe layin Stockton zuwa Darlington, wanda ake ɗauka mafarin jirgin ƙasa na zamani. Hotunan bidiyo sun bazu a Facebook da TikTok: ga wani tsohon kan jirgi, baƙi wuluk ko kore shar, yana tafe yana huci, hayaƙi ya turnuƙe sama, a gefensa kuma jirgin lantarki ya wuce fuu kamar walƙiya. Masu kallo suka rabu gida uku. Wasu suka ce tsadar makamashi ce ta mai da Turawa gidan jiya. Wasu suka ɗauka gwamnati ce ke ɓarnatar da kuɗin haraji a kan tsohon ƙarfe. Wasu kuma suka ce munafunci ne tsagwaronsa, a hana Afirka haƙar kwal alhali ana ƙona shi don nishaɗi.

Fahimtar farko da ta biyu duk kuskure ne. Ta ukun akwai abin dubawa a cikinta, za mu zo kanta.

Wane jirgi, a wane layi?

Jirgin ƙasa kashi biyu ne, kai da taragu, kuma kan ake magana a nan. Kan tururi, wanda muka fi sani da jirgin kwal, tukunya ce ƙatuwa a kan ƙafafu. Wuta ta tafasa ruwa, tururi ya tura fistin, fistin ya tura sandunan ƙarfen da ke juya ƙafafun. Kwal ɗin kuma daban yake da gawayin da muke girki da shi. Gawayi itace ne da aka ƙona, kwal kuwa baƙin dutse ne da ake haƙowa daga ƙasa. Kan dizal, mai shan man gas, akasari injinsa janareta yake juyawa, wutar janaretan ta tuƙa ƙafafu.

Inda mutane suka fi rikicewa shi ne layin. Akwai gajerun layuka sama da 100 a Birtaniya waɗanda aka daina amfani da su, 'yan sa-kai suka karɓa suka farfaɗo. Na farkonsu shi ne Talyllyn a yankin Wales, a 1951. A irin waɗannan layuka jirgi ba ya wuce gudun mil 25 a awa, kimanin kilomita 40, kuma gidansa ne, babu mai tsangwamarsa. Sai kuma babban layin ƙasa, wanda kamfanin gwamnati Network Rail ke riƙe da shi, inda jiragen fasinja ke gudun mil 125 a awa. Shigo da kan jirgin da aka ƙera a 1923 cikin wannan hada-hada, ya ja taragu 10 ko 12 daga Landan zuwa York ya dawo, shi ne abin da ake taƙaddama a kansa. Kawunan tururin da ke da izinin hawa babban layi a kowane lokaci ba su wuce 'yan gomomi ba, kuma iyakar gudun da aka yarje wa mafi ƙarfinsu mil 75 ne a awa.

Yadda aka yi masa jana'iza, ya ƙi kwanciya

Lokacin da gwamnati ta mai da layin dogo mallakarta a 1948, ta gaji kawunan tururi kimanin 20,000. A 1955 aka fitar da shirin zamanantarwa, aka yanke cewa dizal da lantarki za su gaje su. Gaggawar da aka yi ta kai ga kan tururi na ƙarshe da hukumar jiragen ƙasa ta gwamnati ta ƙera, Evening Star, wanda ya fito daga masana'antar Swindon a 1960, shekara 5 kacal ya yi yana aiki aka ajiye shi. Ranar 11 ga Agustan 1968 aka yi tafiyar bankwana daga Liverpool zuwa Carlisle da dawowa, tikiti fam 15 da sule 15, kuɗin da jama'a suka yi ta ƙorafi a kansa. Washegari haramci ya fara aiki: babu kan tururin da zai sake taka babban layi.

Abubuwa uku suka warware wannan hukunci.

Na farko wani ɗan gwangwan ne mai suna Dai Woodham a garin Barry, kudancin Wales. Ya sayi kawuna 297 don ya yanka ya sayar da ƙarfen. Sai ya lura yankan tsofaffin taragun kaya ya fi sauƙi, ya fi kawo kuɗi da wuri, don haka ya tura kawunan ƙarshen fili ya ce sai kasuwar taragu ta ja baya. Suka zauna shekara da shekaru suna tsatsa a iskar teku. Masu sha'awa suka fara zuwa suna karo-karo, suna saye ɗaya bayan ɗaya, har aka fitar da 213 cikin shekara 20 da 'yan kai. Kaso mai tsoka na kawunan da ake gani yau daga wannan juji suka fito, wasu ma ciyawa ta tsiro a cikinsu kafin a ɗauke su.

Na biyu shi ne Alan Pegler, attajirin da ya sayi shahararren kan tururin nan Flying Scotsman a kan fam 3,000 a 1963, tare da yarjejeniyar da ta ba shi damar hawa babban layi. Da haramci ya zo, nasa ne kaɗai ya tsira. Ya kai shi yawon Amurka a 1969, tafiyar ta cinye dukiyarsa ƙarƙaf, jirgin ya maƙale a can sai da Sir William McAlpine ya fanso shi a 1973.

Na uku ya zo a Oktoban 1971, sa'ad da hukumar ta sassauta ta bar kan nan King George V ya yi tafiyar gwaji. Ba a sami matsala ba, ƙofa ta buɗe kaɗan. Ta buɗe sosai bayan 1994, da aka rarraba layin dogo ga 'yan kasuwa, doka ta ce duk kamfanin da ke da lasisi, jirginsa ya cika sharuɗɗa, ya kuma biya kuɗin hanya, yana iya neman gurbi a jadawali.

Wa ke da jirgin, wa ke biya?

Idan ka ga irin wannan jirgi ya wuce, aƙalla hannu huɗu ne a cikinsa. Akwai mai kan, wanda sau da yawa ƙungiyar masu sha'awa ce ko wani attajiri. Akwai kamfanin da ke da lasisin tuƙi, shi ke kawo direba da gadi, shi ke ɗauke da inshora, shi kuma hukuma za ta kama idan an yi ɓarna. Manyansu su ne West Coast Railways da ke Carnforth, da Locomotive Services da ke Crewe, da Vintage Trains da ke Birmingham, wanda jama'a suka sayi hannun jarinsa. Akwai ɗan kasuwar da ya shirya tafiyar yake sayar da tikiti. Sai Network Rail mai hanya. Tikiti yakan fara daga wajen fam 100, ya kai ɗaruruwan fam ga wanda za a shimfiɗa wa farin ƙyalle a tebur a kawo masa abinci kala-kala. Wannan kuɗin, da gudummawar magoya baya, da gumin 'yan sa-kai, su ke riƙe da sana'ar.

Flying Scotsman ne ya fita daban, domin Gidan Tarihin Jiragen Ƙasa da ke York ya saye shi a 2004 a kan fam miliyan 2.3, da taimakon asusun adana kayan tarihi da gudummawar jama'a. Shi ne kuma babban darasi a kan tsadar abin. An shigar da shi gyara a 2006 da zaton aikin ɗan lokaci ne. Duk inda aka buɗe sai a tarar da tsaga. Bai fito ba sai 2016, bayan ya lashe sama da fam miliyan 4.

Tukunya ce uwar kashe kuɗi. Ruwa ne ke tafasa a cikinta da matsin da, in ta fashe, babu wanda ke kusa da zai ba da labari. Saboda haka takardar shaidar lafiyarta ba ta wuce shekara 10. Idan wa'adi ya cika, ko da jiya jirgin ya yi gudu lafiya ƙalau, dole a ɗaga tukunyar daga kan ƙafafu, a zare bututunta, a duba kowane ƙusa. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa: daga ranar da kai ya fito daga gyara, masu shi ke fara tara kuɗin gyara na gaba.

Wasu ma sabo suka ƙera. Kawunan samfurin A1 guda 49 ne, an yanka su duka kafin ƙarshen 1966, ba a bar ko ɗaya ba. A 1990 wasu mutane suka kafa ƙungiya suka ce za su ƙera na 50. Dubban magoya baya suka riƙa ba da ɗan abin da ya sawwaƙa duk wata, aka ƙera tukunyar a Meiningen ta Jamus, aka harhaɗa sauran a Darlington. Sabon kan, mai suna Tornado, ya fito a 2008 bayan an kashe kimanin fam miliyan 3. A Disamban 2009, da ƙanƙara ta tsayar da jiragen lantarki a kudu maso gabashin Ingila, shi ya kwashi ma'aikata kusan 100 da suka maƙale a Landan ya kai su gida. A Afrilun 2017 ya taɓa mil 100 a awa a wani gwajin dare.

Wuni guda a kan hanya

Tafiyar da za a fara ƙarfe 7 na safiyar Asabar, tun Juma'a ake hura wutarta. Tsumma mai kananzir da 'yan itatuwa ake fara sawa a murhu, a bar ƙarfe ya ɗumama a hankali, domin in aka gaggauta zafi tukunya za ta yi rauni. Kafin asuba ma'aikatan rakiya, akasarinsu 'yan sa-kai da ke kwana a taragon da ke bayan kai, sun bi kowace gaɓa da butar mai, mai duba lafiya ya zagaya da guduma yana ƙwanƙwasa ƙarfe yana sauraron amonsa.

A kan hanya, mutum biyu ne ke da aikin, direba da mai zuba kwal, wanda tsofaffin 'yan reluwe ke kira fayaman. Aikin fayaman ya wuce ƙarfin damtse. Ƙasan da yake tsaye a kai yana rawa, ƙofar murhu ƙarama ce, kuma kowane shebur akwai kusurwar da ake so ya sauka: kaɗan a gaba, kaɗan a gefe, a cike kusurwoyin baya. Idan ana hawan tudu, kamar a layin Settle zuwa Carlisle mai doguwar gadar Ribblehead, zai iya jefa sama da tan guda cikin awa ɗaya, idonsa ɗaya a kan ma'aunin ruwa, ɗaya a kan sigina. Baƙin hayaƙin nan da masu ɗaukar hoto ke so, a wurin masana alama ce ta kwal da bai ƙone daidai ba. Gwanin fayaman hayaƙinsa toka-toka ne, siriri.

Sai ruwa. Taragon da ke manne da kai yana ɗaukar galan 5,000, sama da lita 22,000, da kwal tan 8 zuwa 9. Kwal ɗin yakan kai, ruwan ne ba ya kaiwa. A da akwai famfunan ruwa a tashoshi, har da dogayen kwatoci a tsakiyar layi da jirgi ke kamfata yana cikin gudu. Duk an cire su. Yanzu tanka ake ajiyewa a wani gefen hanya, jirgi ya ratse, a ja tiyo a guje, a cika cikin mintunan da jadawali ya bayar. In aka makara da minti 10, gurbin ya wuce, sai a jira jiragen fasinja su gama wucewa.

Ga kuma matsalar jiki. An ɗaga layuka, an matso da dakalin tashoshi don ya dace da jiragen zamani, an shimfiɗa wayoyin lantarki a sama. Kan da ya bi wata hanya shekara 30 a zamaninsa, yau kwamfuta za ta iya cewa kafaɗarsa za ta gogi dakali, a soke tafiyar ana saura kwana 3. Wasu an rage musu tsawon bututun hayaƙi don su wuce ƙarƙashin waya. Faifan da ake juya kai a kansa ya fuskanci gida, 'yan kaɗan suka rage a ƙasar. Baƙo raɓa ne, in ji Hausawa, kuma abin da kan tururi ya zama ke nan a kan hanyar da don shi aka shimfiɗa ta.

Daƙiƙun Wootton Bassett da rigimar sakata

Kafin tsohon kai ya hau babban layi, sai an dasa masa na'urorin zamani: mai gargaɗin direba idan ya tunkari sigina, mai taka birki da kanta idan ya yi gudu fiye da kima ko ya ƙetare danja, mai naɗar bayanan tuƙi, da rediyon magana da masu kula da sigina. Dalilin tsananin ya bayyana ranar 7 ga Maris 2015. Kan nan Tangmere yana jan ɗaruruwan fasinjoji daga Bristol, sai na'ura ta taka birki saboda direba bai amsa gargaɗi a kan lokaci ba. Doka ta ce a tsaya a kira mai sigina. Maimakon haka, aka murɗa wani famfo da ya raba na'urar da birkin don kada a ɓata lokaci. Gaba kaɗan ga danja. Na'urar da za ta tsayar da jirgin an riga an ɗaure mata hannu. Ya ƙetare, ya je ya tsaya gicciye a mahaɗar Wootton Bassett, inda wani jirgin fasinja mai tsananin gudu ya wuce ƙasa da minti ɗaya kafin nan. An tsallake rijiya da baya. Network Rail ta dakatar da West Coast Railways na kimanin wata guda, a 2016 kuma kotu ta ci kamfanin tarar fam 200,000.

Wannan tarihi ne ke bayan rigimar ƙofofi da ta cika jaridu a 2023 da 2024. Taragun da ake ja a waɗannan tafiye-tafiye yawancinsu na shekarun 1950 da 1960 ne, masu ƙofar da fasinja ke sauke gilashi ya miƙa hannu waje ya buɗe. A zamanin da ake amfani da su kullum, mutane da yawa sun faɗo sun mutu. Dokar 1999 ta haramta irin wannan ƙofa sai in akwai makulli na bai-ɗaya da gadi ke sarrafawa. An daɗe ana ɗaga wa jiragen tarihi ƙafa, suna amfani da sakata da ma'aikaci a bakin kowace ƙofa. Daga baya hukumar sa ido, ORR, ta ce ɗaga ƙafa ya isa. Sauran kamfanoni suka shiga sa makullin. West Coast Railways ya ce aikin zai ci fam miliyan 7, ya garzaya Babbar Kotu, ya sha kaye a Disamban 2023.

Wanda ya fi jin jiki shi ne Jacobite, jirgin da ke zirga-zirgar mil 41 tsakanin Fort William da Mallaig a Sikotlan, ta kan gadar Glenfinnan mai baka 21 da finafinan Harry Potter suka sa duniya ta sani. A Maris 2024 aka dakatar da shi, ya dawo a Afrilu da taragu kaɗan masu makulli. Kamfanin na cewa shekaru da dama yana wannan hanya da sakata da ma'aikata, kuma kuɗin makullin zai cinye ribar shekaru. Hukuma na cewa masu bincikenta sun shiga jirgin a 2023 sun ga fasinjoji na taɓa sakata da leƙo kai waje, ma'aikata ba su hana ba. A ganina hukuma ce ke da gaskiya a nan. Kamfanin da aka taɓa kamawa an kashe na'urar birki a jirginsa ba shi da bakin cewa a yarda da kulawar mutum a madadin makulli, kuma ya sami shekara sama da 20 na shiri.

To, batun kwal fa?

A nan ne zargin munafunci ke da ɗan gindi, amma sai an duba girman abin. Ƙungiyar layukan tarihi ta Birtaniya ta ƙiyasta cewa duka jiragenta na ƙona kimanin tan 26,000 na kwal a shekara, kuma tafiye-tafiyen babban layi ƙaramin kaso ne a ciki. Babbar tashar lantarki guda a zamanin ganiyarta takan cinye wannan cikin 'yan kwanaki. Hayaƙin bai kai kashi 1 cikin 1,000 na abin da ƙasar ke fitarwa ba.

Inda abin ya zama abin dariya shi ne wajen samo kwal ɗin. Mahaƙar ƙarƙashin ƙasa ta ƙarshe mai girma, Kellingley, ta rufe a Disamban 2015. Ffos-y-fran da ke Merthyr Tydfil, wadda ke ba da kwal ɗin Wales mai zafi da ƙarancin hayaƙi, ta rufe a ƙarshen Nuwamban 2023, kuma mazauna unguwannin da ke kusa da ita, da suka sha ƙura shekaru, ba su yi kukan rabuwa ba. Na Rasha ya haramta bayan mamayar Yukiren a 2022. Yanzu daga ƙasashe irin su Kolombiya da Kazakistan ake ɗauko shi, jirgin ruwa ya ƙona mai ya ratsa teku don a kawo wa ƙasar da ke zaune a kan kwal. Wato ƙurar haƙa ta koma kan talakan wata ƙasa. Wannan ɓangaren zargin gaskiya ne. Ana gwajin curin kwal da aka gauraya da ɓawon zaitun, wasu kuma na mai da kawunansu masu ƙona mai, kamar yadda kamfanin Union Pacific na Amurka ya yi wa ƙaton nan Big Boy mai lamba 4014, ƙirar 1941, da ya dawo da shi kan hanya a 2019.

Zafin bazara ma ya zama abokin gaba. Tartsatsi daga bututu ko garwashi daga ƙasan murhu na iya kama busasshiyar ciyawa ya cinye gonar alkama. A 2018 da 2022 Network Rail ta hana tururi a wurare da dama, ko ta ce sai dizal ya yi mafi yawan jan. Wanda ya biya fam ɗari da wani abu don ya ji hucin tururi, sai ya wuni yana jin ƙugin inji.

Dizal, wanda ya kori wani shi ma aka kore shi

Masu kallo daga nesa kan ɗauka dizal ɗin da ke bayan taragu ɗan rakiya ne kawai. Shi ne inshorar tafiyar: ya ba taragu wuta, ya ja jirgin da baya inda babu wurin juyawa, ya kuma janye shi daga hanya in tururi ya gaza, domin duk mintin da aka tsare layi akwai tararsa.

Amma tsofaffin kawunan dizal su ma suna da nasu masoyan, masu iya gane samfuri daga ƙararsa tun bai ɓullo ba. Sarkinsu Deltic ne. Guda 22 aka ƙera a 1961 da 1962, kowanne da inji biyu da asalinsu na jiragen ruwan yaƙi ne, silindoginsu a jere kamar alwatika, ƙarfin doki 3,300. Su suka kori su Flying Scotsman daga layin Landan zuwa Edinburgh. A Janairun 1982 su ma aka sallame su, 6 suka tsira. A 2011 wani kamfanin dakon kaya ya rasa isassun kawuna, sai da ya ɗauki hayar ɗaya daga cikinsu, Royal Scots Grey, mai shekara 50, ya ja masa taragun ma'adini a arewa maso gabashin Ingila.

A nan ne labarin ya taɓo mu. Masana'antar Vulcan Foundry da ta ƙera Deltic, ita ce ta ƙera wa Najeriya wasu daga kawunan tururin da aka raɗa wa sunayen koguna a ƙarshen shekarun 1940, masu jan gyaɗa daga Kano, inda jirgi ya fara isa a 1911. Kwal ɗin Inugu suke ci, kuma komawar reluwe ga dizal na cikin abubuwan da suka durƙusar da mahaƙar. Jirgin InterCity 125 kuwa, wanda ya kori Deltic, yanzu shi ma ya tsufa: wasu kawunansa sun shiga hannun masu adanawa, wasu an sayar wa Meziko, wasu an yi jigilarsu zuwa Legas don layin Red Line. Abin da ake biyan kuɗi a hau don tuna baya a can, a nan sabon jirgin zuwa aiki ne.

Me jama'ar gari ke samu, me suke asara?

Mallaig ƙaramin garin masunta ne. Idan Jacobite ya sauke ɗaruruwan baƙi da rana, masu soya kifi da dankali, da masu shaguna, da masu ɗakunan kwana a Fort William duk sun sami kasuwa, shi ya sa makonnin dakatarwar 2024 suka tayar musu da hankali. Garejin gyaran kawuna kuma suna cikin 'yan wuraren da matashi zai koyi ƙirar tukunya da aikin tagulla, sana'o'in da saura ƙiris su ɓace. Damuwar ita ce akasarin direbobin da suka koyi tururi tun zamanin hukuma sun tsufa ko sun rasu, kuma renon sabon direba shekaru yake ɗauka.

Mai zuwa aiki da bai damu da tarihi ba, shi nasa jinkiri ne. Ranar 25 ga Fabrairun 2016, da Flying Scotsman ya fito daga gyara ya kama hanyar York daga tashar King's Cross, 'yan kallo suka tsallake shinge suka tsaya a kan layi da kyamarori kusa da St Neots. Dole aka tsayar da shi, aka tsayar da jiragen da ke bayansa, gomman jirage suka makara. Tun daga nan aka riƙa ɓoye lokutan wucewarsa.

Siginar da za ta koma cikin allo

Barazana mafi girma ba ta da hayaƙi ko ƙara. Birtaniya ta fara sauya fitilun sigina na gefen hanya da tsarin ETCS, inda umarnin tsayawa ko tafiya ke bayyana a allon kwamfuta gaban direba. Ana aikin a kan mil kusan 100 na kudancin layin gabas, daga King's Cross zuwa kusa da Grantham, wanda ya haɗa da gangaren Stoke inda kan tururin nan Mallard ya kafa tarihin gudun mil 126 a awa ranar 3 ga Yulin 1938. Ranar da aka tuge fitilun, kan da ba shi da allon makaho ne, ba za a bar shi ya shiga ba.

Network Rail ta ɗauki nauyin gwaji a kan Tornado. Sai da aka ƙara masa hanyoyin samar da wuta, aka nemi allon da zai jure ƙurar kwal da zafi da jijjiga, wanda direba zai iya karantawa ko da hasken murhu ya haske ɗakin. A Afrilun 2025 ya yi tafiye-tafiyen dare a layin Cambrian daga Shrewsbury, ya zama kan tururi na farko a duniya da ya yi aiki da tsarin. An kuma zaɓi Royal Scots Grey don irin wannan gwaji a ɓangaren dizal. Kowane samfuri sai an zana masa nasa tsarin dasawa, kuma yawancin sauran kawunan mallakar ƙungiyoyi ne da har yanzu ke karo-karon kuɗin tukunya.